Godiya Ga Waɗanda Suka Duba Kafin Su Ɗaure

Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, domin mutanen da zan gode wa ba masu son a ambace su ba ne, kuma ba su yi abin da suka yi don a ji ba. Amma yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da wani tukuici da ya wuce in faɗa a bainar jama'a. Ba zan kama sunan kowa ba. Duk wanda ya karanta zai gane kansa, Allah kuma ya riga ya san shi.

A kakar bara muna dawowa Yalwan Damai daga gona, amalanken shanun da muka loda wa damman gero ya kafe a yashi. Na sa kafaɗa ina turawa, nauyina duk a kan yatsun ƙafar dama, sai na ji ƙas, kamar an maka mini sanda a bayan dunduniya. Na waiwaya in ga wanda ya buge ni, babu kowa. Daga nan magana ta rabu biyu. Wasu suka ce targaɗe ne, tunda ina iya takawa ko da ɗingishi. Wasu, cikin tausayi, suka fara raɗe-raɗin ko jifa ne, don ai duka babu mai duka ba ƙaramin abu ba ne. Aka shafa man zafi, aka gasa da ruwan ɗumi. Zafin ya ragu, amma ƙafar ta ƙi ɗaukata. Ba na iya ɗaga dunduniya in tsaya a kan yatsu, ba na iya tayar da babur, tashi daga sujada ma sai na dafa bango. Ga hatsi a gona, ga ajin da nake koyarwa, ga iyali sun zuba mini ido. Wanda ya taɓa kwana da ciwon da ba a san sunansa ba ya san irin tunanin da yake zuwa bayan isha'i.

Godiyata ta fari ga dattijon nan mai ɗori da aka kai ni wurinsa. Ya zaunar da ni a tabarma, ya bi ƙashin da yatsunsa tun daga ƙwauri har tafin ƙafa, a hankali, yana kallon fuskata. Sannan ya ce, "Ɗana, ƙashinka lafiya lau. Abin da ya taɓu jijiya ce, ni kuwa ƙashi na gada. Ka tafi asibiti, kada ka bari sati ya zagayo." Na miƙa masa ɗan abin da ya samu, ya mayar mini da hannuna. Da ya so, da ya ɗaure ni da karare ya karɓi kuɗinsa, babu mai zarginsa. Baba, Allah ya ƙara girma, ya albarkaci zuriya.

Wani matashi ɗan acaɓa ne ya kai ni Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Ya riƙa kauce wa ramuka saboda ƙafata, ya jira ni har aka gama, ya dawo da ni ƙofar gida. Da na tambayi kuɗinsa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malam, ai kai ka koya mini karatu." Na rasa abin cewa.

Abin da ya faru a ɗakin likita shi nake so in daɗe a kansa, domin a nan ne na ga irin alherin da ba a cika lissafa shi cikin alheri ba. Likitan bai fara da taɓa ƙafar ba. Tambaya ya fara yi. Me nake yi lokacin da abin ya faru? Ƙafar ta gurɗe gefe ne, ko turawa nake yi gaba? Na ji ƙara? A ina daidai, in nuna da yatsa ɗaya? Na iya takawa nan take? Wurin ya taɓa yi mini tsami da safe kafin wannan rana? Ina da ciwon sukari? An taɓa yi mini allura a wurin? Wane magani na sha kwanan nan? Da na ce na sha sifro saboda zazzaɓin taifot, ya rubuta, ya ce ba zai iya yanke cewa shi ne sanadi ba, amma dangin wannan magani an san suna raunana jijiyar agara a jikin wasu, musamman waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan irin su dekza. Ya ce daga yau in riƙa faɗa wa duk likitan da zai rubuta mini magani. Daga baya na ji cewa tun a 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a takardar maganin.

Sai ya ce in naɗe wando duka ƙafa biyu, don mai lafiyar ita ce ma'aunin mai ciwon. Ya sa na yi tafiya yana kallona ta baya. Ya danna bayan idon sawu, na ciki da na waje, har tsawon santimita 6 sama, ya danna gindin ƙashin ƙaramin yatsa da wani ƙashi a cikin tsakiyar ƙafa. Babu inda na zabura. Ya ce in kwanta rubda ciki, tafin ƙafafuna su sauka daga bakin gado. Ya bi agarar da ɗan yatsa, ya tsaya a wani ɗan rami kaɗan sama da dunduniya, ya kama hannuna ya ɗora a wurin don ni ma in ji. Daga nan ya matse sha-raɓar hagu, tafin ƙafar ya motsa ƙasa da kansa. Ya matse ta dama, ko gezau.

"Malam, agara ce ta tsinke," in ji shi. "Ba jifa ba ne, ba kuma karaya ba ce. In Allah ya yarda ana warkewa."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Jin sunan ciwon kaɗai ya sauke mini rabin kayan. Ya kuma yi mini bayanin dalilin da ya sa ake ruɗuwa da irin wannan: akwai wasu ƙananan jijiyoyi da suke bi ta bayan idon sawu zuwa yatsu, su ne suke ba mutum damar jan ƙafa ko da babbar ta rabu, shi ya sa ake ɗauka targaɗe ne har lokaci ya ƙure. Ya ce in aka haura kamar mako 4, bakunan jijiyar suna ja da baya, a lokacin kuma da wuya a kauce wa tiyata, wataƙila ma sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Na shigo da shirin biyan kuɗin hoton ƙashi, har na ranto. Ya ce in riƙe kuɗina. Hoton ƙashi ƙashi yake nunawa, ƙasusuwana kuwa sun riga sun ba shi amsa a ƙarƙashin yatsunsa. Sikanin kawai ya tura ni, don a ga ko bakunan jijiyar suna haɗuwa in an karkata tafin ƙafa ƙasa. Alhamdu lillahi suna haɗuwa. Ga mai albashi irin nawa, a ce maka wannan gwajin ba ka bukatarsa, kyauta ce babba.

Ɗan yayana da yake karatun gashin ƙashi a Jami'ar Bayero shi ya ƙara wayar mini da kai da ya zo dubiya. Ya ce duk abin da aka yi mini tsari ne da ake koya musu: a saurara, a duba, a taɓa, a motsa, sannan a yi gwaji na musamman, hoto kuwa yana zuwa ne a ƙarshe don ya tabbatar da abin da aka riga aka zata. Matse sha-raɓar nan, wani likitan Ingila mai suna Simmonds ne ya bayyana shi a 1957, wani kuma Thompson a Amurka ya sake bayyana shi a 1962. Danne-dannen idon sawu da tambayar ko mutum zai iya taku 4, ƙa'idoji ne da likitoci suka fitar a birnin Ottawa na ƙasar Kanada a 1992, don a rage ɗaukar hoton da ba dole ba. Na yi mamakin yadda ilimin da aka tara a nesa haka ya iso har kan ƙafar wani malamin firamare a kudancin Jigawa. Su ma waɗannan da ban taɓa gani ba suna da kaso a godiyata. Ɗana, Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa ka zama irin likitan nan.

An sa mini filastar siminti, tafin ƙafa yana kallon ƙasa, aka riƙa ɗago shi kaɗan-kaɗan a kowane canji. Ma'aikaciyar jinyar da ta taya aikin ta maimaita mini gargaɗi har sai da na haddace: in yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko na daina jin su, ko numfashi ya yi mini wuya, in dawo ko da tsakar dare ne. Ta kira maiɗakina gefe ta faɗa mata ita ma, wai maza sukan ɓoye ciwo. Gaskiyarta.

Bayan cire filasta sai aikin ma'aikacin gashin ƙashi ya fara, shi ma bai taɓa ba ni motsa jiki ba sai ya auna tukuna. Yakan zagaya sha-raɓa da tef ɗin awo ya gwada da ta hagu, ya auna iyakar lanƙwasuwar idon sawu, ya sa in tura hannunsa da tafin ƙafa, ya kalli tafiyata, har takalmina yakan juya ya duba inda ya fi cinyewa. Ran da na yi gaggawa ina so in gwada tsayuwa a ƙafa ɗaya, ya ce, "Yallaɓai, sannu ba ta hana zuwa. Jijiyar da ta warke da tsawo ba ta dawo da ƙarfinta." Ran da zuciyata ta karaya kuma, ya buɗe takardar awon farko ya nuna mini inda na taso. Allah ya saka masa da mafificin alheri.

A gida kuwa ban san ta inda zan fara ba. Maƙwabta suka yi mini gayya suka kwaso sauran hatsin har rumbu, ba su yarda ko da fura an dama musu ba. Abokan aikina suka raba darussana a tsakaninsu. Wani kafinta ya rage tsawon sandunan dogarawa da aka aro mini, ya naɗe bakinsu da tsumma don kada su ci mini hammata. Wani baduku ya yanka fata ya ɗaga mini dunduniyar takalmi daidai yadda aka ce, ya ƙi karɓar ko sisi. Liman ya tako har gida ya kwantar mini da hankali a kan salla a zaune. Maiɗakina ta ɗauki abin da ba zan iya lissafawa a nan ba, kuma ban taɓa jin ta yi tsaki ba.

Yau ina zuwa makaranta da ƙafata, ina bin jam'i a tsaye, ina hawa babur. Sha-raɓar dama ba ta kamo ta hagu ba tukuna, an kuma gaya mini hakan yakan ɗauki har shekara, don haka ina nan ina ɗaga dunduniya a jikin bango safe da yamma kamar yadda aka koya mini. Kwanan baya wani ɗalibina ya faɗi a filin ƙwallo, yara suka taru za su ja masa ƙafa. Na dakatar da su, na tambaye shi inda yake jin ciwon, na ga ba ya iya taku, na sa aka kira mahaifinsa suka nufi asibiti. Ladan wannan ma na waɗanda suka koya mini ne.

Akwai kuma wata tsohuwa da ta ce daga Gwaram ta zo, wadda ta riga ni a layin asibiti ranar farko. Da ta ga yadda nake jingine da bango, ta tashi daga kan benci ta ce, "Zauna, ɗan nan, ni ƙafafuna lafiya suke." Ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba. In akwai jikanta cikin masu karanta wannan, don Allah ya isar mata cewa malamin nan na Yalwan Damai ya warke, yana gaishe ta, yana kuma roƙon Allah ya ba ta lafiyar abin da ya kai ta asibiti.