Yadda Holan ta yi wa mitar wuta linzami

Baƙon da ya sauka Holan zai fara mamakin tagogin gidajensu. Manya ne, da yawa kuma babu labule. Da magariba ina tafe a bakin ruwa a birnin Utrecht, sai ga iyali suna cin abinci a falo, fitila a kunne, ba ruwansu da mai wucewa. Wanda ya ga haka zai rantse mutanen nan ba su damu da sirri ba. Amma su ne suka tayar da jijiyar wuya a kan mitar wuta, har sai da gwamnati ta ja da baya.

Mai masaukina, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, shi ya buɗe mini ɗan kabad ɗin da ke kusa da ƙofar shiga, inda mitocin wuta da gas suke, ya ba ni labari. A 2008 gwamnati ta kawo ƙudirin da zai tilasta wa kowane gida karɓar mita mai aika bayani da kanta: na wuta duk minti 15, na gas duk sa'a guda. Wanda ya ƙi, yana iya fuskantar tarar da ta kai Yuro 17,000 ko ɗaurin wata shida. Ƙungiyar masu sayayya ta Consumentenbond ta nemi masana shari'a na Jami'ar Tilburg su duba, suka ce ƙudirin ya ci karo da sashe na 8 na yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam, wanda ya kare gida da rayuwar iyali. A watan Afrilun 2009 majalisar dattawa ta ƙi amincewa. Sai a 2011 aka zartar da gyararriyar doka, wadda ta ba mai gida damar ƙin mitar, ko ya karɓa amma ya hana a karanta ta daga nesa.

To me lissafin wuta zai tona? Abu da yawa. Yana nuna lokacin tashi da na kwanciya, da ranar da aka yi tafiya aka bar gida ba kowa, da daren da aka yi baƙi. A unguwannin 'yan asalin Maroko da Turkiyya, gidan da kicin ɗinsa ke kunnuwa kafin asuba har tsawon wata guda ya riga ya faɗi addininsa. Masu bincike a Münster ta Jamus ma sun nuna a 2011 cewa idan ana karanta mita duk daƙiƙa biyu, ana iya gane abin da ake kallo a talabijin. Mai leƙen taga yana wucewa ya manta, kuma mai gida na iya jan labule. Ita kuwa mita tana ajiyewa.

Mu a gida Nijeriya kukanmu daban ne, neman mitar muke yi don mu tsira daga bil ɗin ƙiyasi. Sai dai mitocin zamani suna shigowa, kuma Nijeriya tana da dokar kare bayanai tun 2023. Duk wanda aka zo ɗaura wa sabuwar mita, ya tambayi abin da take aikawa, da wanda ke karɓa, da tsawon lokacin da za a ajiye.