Daga Garwa zuwa Rumsiki da jaka a baya

A wannan wata ina so in ba ku labarin wata tafiya da wani yaro ɗan ajina ya jawo mini, ba tare da ya sani ba.

A shekarar 2011, wata rana ina koyar da labarin ƙasa, na ɗaga littafi na nuna wa yara hoton dutsen Rumsiki, ina ta bayani kamar a gindinsa aka yanke mini cibiya. Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa ganinsa?" Aji ya yi tsit. Na ce masa ban taɓa ba. Da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. A Garwa aka haife ni, a nan na yi karatu har na fita makarantar horon malamai, amma abin da Bature ke ketare teku ya zo kallo, ni da ke kusa ban taɓa taka wurin ba.

Da hutun watan Disamba ya zo na ƙudura niyya. Albashin malamin makaranta kowa ya san shi, saboda haka na ware jaka 30 na ce ko za ta isa ko ba za ta isa ba, da ita zan je in dawo. Na ɗauki jakar baya irin ta 'yan makaranta, na zuba garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino, da buta, da bargo, da darduma. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, yawon almajiranci za ka koma?"

Daga Garwa zuwa Marwa kimanin kilomita 200 ne, ta Pitowa da Figil inda ake fasa dutsen siminti. Na kwana Marwa wurin wani abokin karatuna. Washegari na shiga motar Mokolo, tafiyar kimanin kilomita 80, daga nan kuma kwalta ta ƙare. Sauran kimanin kilomita 50 a bayan babur na yi su, cikin ƙura da gargada, ga hunturu yana yanka kunne. Bayan mun wuce Mogode sai ga duwatsun sun fara ɓullowa cikin hazo ɗaya bayan ɗaya, tsirara, a tsaye cak kamar an kafa taɓare a fili. Na ce wa mai babur ya tsaya. Na sauka na yi ta kallo, na tabbata gani ya kori ji.

Bari in ɗan yi aikina na malami. Waɗannan duwatsu na ƙasar Kapsiki ragowar duwatsu ne masu aman wuta na zamanin da. Narkakken dutse ya daskare a maƙogwaronsu, sa'an nan ruwa da iska suka yi shekaru aru-aru suna cinye ƙasa mai taushi da ke kewaye, har aka bar daskararren cikin shi kaɗai a tsaye. Wanda aka fi ɗauka hoto, tsayinsa daga fuskar teku ya haura mita 1,200. Daga bakin kwarin kana hangen Nijeriya, inda ake kiran dangin Kapsikawa da suna Higi.

Maganar masauki ba ta ba ni wahala ba. Na tambayi inda masallaci yake, bayan sallar magariba na gabatar da kaina. Wani dattijo mai tireda, wanda kakansa ya zo daga Kano fatauci, ya ce, "Ɗana, baƙo ai ba ya kwana waje." Kwana 3 na yi a zaurensa, ko dala bai karɓa ba.

A rana ta biyu na ci karo da wasu Turawa biyu, mata da miji, da manyan jakunkuna da igiyoyi. Da faransanci muka yi hira. Suka ce su ma ba masu kuɗi ba ne, tara 'yan kuɗinsu suke yi shekara guda, su shiga motar haya, su kwana a tanti. Sun zaga tsibiran Bahar Rum, irin su Kosika da Sardiniya, duk don hawan dutse. Suka ba ni labarin wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Girka mai suna Kalimnos. Da can sana'ar mutanensa nutso a teku su ciro soso. A 1986 cuta ta faɗa wa soson, sana'a ta durƙushe. Wajen 1996 wani Ba'italiye mai hawan dutse ya lura da duwatsun tsibirin, aka soma kafa ƙusoshi a jikinsu. Cikin 'yan shekaru baƙi suka riƙa tururuwa daga ko'ina, masu masauki da masu abinci suka farfaɗo. Dutsen da ba a shuka komai a kansa shi ya koma gona.

Na zauna na kalli yadda suke yi. Mai hawa yana ɗaure da ɗamara a ƙugu, da hular kwano, da takalmi mai kama dutse. Abokinsa yana ƙasa riƙe da igiya, yana sake ta kaɗan-kaɗan. In mai hawa ya zame, na ƙasa ne zai tare shi. Ashe ba ganganci suke yi ba, komai da ƙa'idarsa.

Ni kuwa da yamma sai zuciya ta ɗebe ni. Na zaɓi wani dutse da na ga kamar bai kai ya kawo ba, na kama hawa da takalmina na zuwa makaranta. Hawa ya yi daɗi. Da na waiwaya don in sauko sai na ga ƙasa ta yi nisa, gwiwoyina suka kama rawa, na manne da dutse ina ta salati. Wani yaro Bakapsike da ke yi mini jagora, ɗan shekara kamar 13, ya hau ya same ni ba ko takalmi. Da fillanci ya ce, "Malam, tuɓe takalmin, kada ka dubi ƙasa, inda na sa ƙafa nan za ka sa." Haka ya sauko da ni taki-taki. Ranar nan ni na zama ɗalibi.

Da dare na tambayi mai masaukina me ya kai mutane zama a wuri mai wuya haka. Ya ce tsoro ne. Mutanen duwatsun Mandara sun daɗe suna fakewa a kansu saboda mahara masu kamun bayi. Hamman Yaji na Madagali, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1927, ya bar littafin da aka rubuta hare-harensa tun daga 1912. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mu ma kakanninmu fatake, ba goro da gishiri kaɗai suka saya ba." Wannan magana ba ta cikin littafin da nake koyarwa.

Na dawo Garwa da canjin jaka 4 a aljihu, na kuma ba yaron nan amsarsa.

Sai dai abin bai ɗore ba. A watan Fabrairu na 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa 7 'yan gida ɗaya kusa da Waza, a watan Nuwamba kuma suka ɗauke wani limamin coci a yankin Koza. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu kada su zo Arewa Mai Nisa, baƙi suka ɗauke ƙafa. Da na koma Rumsiki a 2023 na tarar dattijona ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Yaron da ya sauko da ni ya zama magidanci, yana acaɓa a Mokolo. Ya ce mini jagoranci ba ya ciyar da iyali yanzu. Masu saƙa da maƙeran tagulla suna zaune gaban kayansu, mai saye sai jefi-jefi.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so mu duba. Mu Hausawa an san mu da tafiya, daga Kano har Gwanja, har Ngaundare da Yawunde. Amma in mun je gari, kasuwa da masallaci kawai muke sani. 'Ya'yanmu da aka haifa a Kamaru sun fi sanin sunayen unguwannin Kano da na duwatsun da ke bayan gidansu, alhali nan ce ƙasarsu. Wanda bai san ƙasa ba kuwa, da wuya a yarda tasa ce.

Ba sai an yi nisa ba. Ga dutsen Tingilin nan arewa da Garwa. Ga kwazazzabon Kola kusa da Gidar, wanda ake shiga da rani. Ga tafkin Lagdo da tsibiransa, wanda ya samu tun da aka gama madatsar a 1982. Ga Haƙorin Mindif kudu da Marwa. Shawarata ga malamai da iyaye ita ce a haɗa kuɗin mota a kai yara lokacin hutu. A tambayi hukuma halin hanya kafin a tashi, a ɗauki ɗan gari jagora a biya shi hakkinsa, kada kuma kowa ya hau dutse mai tsayi ba igiya ba gwani, kada ya yi irin tawa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai mu wata mai zuwa, amin.