Barandar bayan jirgi: abin da finafinan Indiya ba su nuna mana ba

Duk wanda ya kalli Mann na Aamir Khan da Manisha Koirala, ko Humraaz na Bobby Deol, ko Dil Dhadakne Do da ya fito a 2015, na san ya taɓa yin wannan mafarkin: ga ka tsaye a bayan ƙaton jirgin ruwa, iska na kaɗa maka riga, ruwa na tsagewa yana barin farin kumfa kamar an shimfiɗa titi. Ni ma na daɗe ina yin sa. Cikin ikon Allah, a watan Janairun 2024 sai ga ni a ciki, lokacin da na raka wani furodusa Dubai domin ɗaukar hotunan fosta da baiti ɗaya na waƙar sabon fim ɗinsa. Mu shida ne: furodusa, darakta, mai kyamara, jarumi, jaruma, sai ni ɗan ganin ƙwaf.

Daga tashar Port Rashid muka shiga jirgin, irin na yawon shaƙatawa, wanda zai bi ta Doha da Abu Dabi ya dawo cikin kwana huɗu. Jama'a, gani ya kori ji! Jirgi ne amma gari guda. Bene sama da goma, ga gidajen abinci, ga kantuna, ga zauren wasa. Ɗakunan kwana kuma aji-aji ne. Akwai na can ciki da ba su da ko taga, akwai masu taga, akwai masu baranda a gefe, sannan akwai 'yan ƙalilan masu baranda a can bayan jirgi, suna kallon inda aka baro. Waɗannan sun fi na gefe tsada, kuma da wuri ake kame su. Furodusanmu ya dage sai irin su, don a nan darakta yake son jarumi ya tsaya da farar shadda, kumfar teku na bin sa a baya.

Daren farko ba wanda ya yi da-na-sanin kuɗinsa. Muna tsaye a barandar, fitilun Dubai na ta ƙanƙancewa, Burj Khalifa ya koma kamar allura. Babu hayaniya sai shuuu ɗin ruwa. Kafin a kwanta, jarumi ya ɗauko shaddarsa da aka goge tun daga otal, ya shimfiɗa ta a kan kujerar baranda, wai kada ta yamutse a cikin durowa.

Da asuba na fita barandar da darduma, na duba alƙibla a waya, na yi salla. Ina shafa addu'a gari na wayewa, sai na ga tafin hannuna ya yi baƙi. Na duba darduma, na duba tebur, na duba ƙarfen da ake dafawa. Ko'ina ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe ƙanana, kamar an barbaɗa masoro. Sai idona ya sauka a kan shaddar. Innalillahi! Kafin in ce kanzil, jarumi ya fito, ya sa hannu ya karkaɗe. Nan ne fa aka yi ɓarnar, domin ɗigon ba ƙura ba ne, kunkunniya ce mai maiƙo. Kowane ɗigo ya ja layi a kafaɗar riga kamar an zizara gawayi.

Mai karatu zai ce to riga ce kawai, a canza wata mana. Ai ba a nan gizo ke saƙa ba. Da wannan shaddar aka ɗauki rabin waƙar a cikin rairayi bayan garin Dubai, kuma babu wata irin ta a jaka. Idan aka canza, ɗan kallo na farko a Kano zai gano. Furodusa ya dube ni ya ce, "Ɗan jarida, kai da ka iya Turanci, je ka tambayo mana wane ne ya zuba mana wannan abin." Na ce, "To, Alhaji."

Mai gyaran ɗakinmu bai yi ko mamaki ba. Yatsa kawai ya nuna sama, wajen bututun hayaƙi. Daga abin da ya faɗa mani, da abin da na bincika daga baya, ga yadda lamarin yake. Da yawan manyan jiragen nan baƙin mai suke ƙonawa, wato mai kaurin nan da ke saura bayan an tace fetur da dizal. Ƙonuwarsa na barin kunkunniya a cikin bututu da tukwanen da ke amfani da zafin hayaƙi wajen yin tururi. Lokaci-lokaci sai ma'aikatan inji su hura tururi mai ƙarfi su kakkaɓe ta, kuma sau da yawa da dare ake yi, a tsakiyar teku. Haka nan idan aka tada injin da ya huta, yakan fara da tarin baƙin hayaƙi.

Me ya sa bayan jirgi ne ke shan wahalar? Duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura a kan hanyar burji ya san amsar. Iska idan ta wuce saman mota, nannaɗowa take yi ta dawo ta baya, ta watsa wa na ƙarshe ƙura. Haka jirgi yake. Bututun yana can sama wajen baya, hayaƙi na bin baya, iskar da ta nannaɗo ta sauko da guntattakin kunkunniya kan barandun. Ya fi muni idan iska na busowa daga baya daidai da gudun jirgi, don lokacin hayaƙin ba ya nisa. Barandar da ba ta da rufi a samanta kuwa ita ce a bakin wuta.

Wannan matsala ta girmi kakanninmu. Ku tuna Titanic na James Cameron, 1997. Jirgin na gaske, wanda ya nutse a 1912, kwal yake ƙonawa. Bututunsa huɗu ne, amma uku ne ke fitar da hayaƙin tukwane, na huɗun na shan iska ne da hayaƙin kicin. Filin shan iska na 'yan aji uku, su Jack, a can baya yake, inda toka ke sauka. A nan ne ma ya fara magana da Rose. Yau kuma bayan ne masu kuɗi ke rububi. Da muka dawo Port Rashid na ga tsohon jirgin nan Queen Elizabeth 2, wanda ya fara aiki a 1969, aka mayar da shi otal a nan Dubai a 2018. A gindin bututunsa akwai wani faffaɗan abu kamar shebur, an yi shi ne don ya kwashi iska ya cilla hayaƙi sama, ya tsallake benayen baya.

An samu sauƙi a 'yan shekarun nan. Daga 1 ga Janairu, 2020, hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. Wasu jiragen sun sa na'urar wanke hayaƙi da ruwa. Wasu sababbi, tun daga AIDAnova a 2018, iskar gas suke ƙonawa, wadda kusan ba ta barin kunkunniya. Amma tsofaffi masu baƙin mai suna nan birjik.

Shaddar fa? Ɗakin wankin jirgi ya riƙe ta yini guda, muka yi asarar hasken safiyar Doha. Ta dawo fes, sai ɗan dishi-dishi a kafaɗar hagu. Darakta ya sa aka ɗora masa hirami a wurin, aka ɗauke shi ta dama da yammacin ranar ƙarshe. In fim ɗin ya zo hannunka ka ga jarumi da hirami a teku babu shi a rairayi, to ka ji dalili.

Shawarata ga 'yan fim da masu shirin tafiya amarci: barandar baya ta cancanci kuɗinta, amma ka tambayi irin man da jirgin ke sha, ka nemi wadda ke da rufi. Kada ka kwanar da tufafi a waje. Ka goge kujera da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka zauna. In ɗigo ya sauka a rigarka, ka hure shi, kada ka murza. Furodusa kuwa, don Allah ya riƙa ɗinka kayan waƙa bibbiyu.