Wasiƙa Zuwa Ga Auta: Kada Ku Sallami Mai Kalangu

Zango, Wagadugu

Auta,

Da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Maraɗi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da yawan ɗauke wuta. Yara suna gaida kawunsu.

Saƙonka ya iso, na kuma fahimci shawarar da kuka yanke kai da abokanka: ku ci bashi ku sayi babbar fiyano Yamaha PSR, ku sallami mai kalangunku, tunda fiyanon tana da ganguna a cikinta, rabon kuɗi kuma zai ragu da kai ɗaya. Ka nemi ra'ayina, to ga shi ba kwana-kwana: ban goyi baya ba. Fiyanon ku saya in hali ya yi. Mai kalangu kuwa ku riƙe shi hannu bibbiyu.

Ka tuna yadda filin biki yake. Kana tsakiyar waƙa, sai uwar amarya ta taso da ƙawayenta, jaka a hammata, za su yi liƙi. Dole ka bar baitin da ka shirya ka koma kanta, ka kira sunan ubanta da na kakanta, ka ja, ka dakata ta buɗe jaka, ka sake ja. Mai kalangu yana kallon bakinka da ƙafafunta a lokaci guda. Ya matse tsarkiya da hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har kalangun ya faɗi kirarin da kai ba ka kai ga faɗa ba, domin harshenmu hawa da sauka ne, kalangu kuma yana iya binsa gaɓa da gaɓa. In tsohuwa ce ta shigo fili ya rage gudu ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Kiɗan da ke cikin fiyano ba ya ganin kowa. Gudun da ka ɗora shi a kai, a kansa zai tafi har a tashi, kai ne za ka yi ta binsa kana haki. A situdiyo wannan ba laifi ba ne, da shi mawaƙan Kano suka cika kasuwa, kuma ina jin daɗin waƙoƙinsu. Amma ku ba a situdiyo kuke samun na cefane ba, a ƙofar gidan biki ne.

Mu nan abin ya fi ƙarfin maganar daɗin kiɗa. Tun da aka rushe tsohon Zango, Zangwetin, a 2003 saboda aikin sabunta tsakiyar gari da ake kira ZACA, a shekarar da babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, Hausawan garin nan suka warwatsu, wasu can wajen unguwar Waga 2000, wasu bayan gari. Maƙwabcin da kuka yi shekara da shekaru kuna sallah sahu ɗaya, yanzu sai ka sha mai a babur kafin ka gan shi. Biki da suna da jana'iza ne suka rage masu tara mu. Yaranmu da yawa More da Faransanci sun fi Hausa sauƙi a bakinsu. Amma ranar da mai kalangu ya saki taken mahauta, za ka ga dattijon da ke dogara sanda ya miƙe, jikansa yana tambaya me gangar ta ce, a tsaya a yi masa bayani. Ku da kuke tsakiyar ƙasar Hausa kuna ganin mai kalangu a kowace unguwa, shi ya sa yake muku araha. Mu nan nemansa ake yi da kuɗin mota.

Kuma kada wani ya ce maka kalangu da kayan lantarki ba sa zama inuwa ɗaya. Nemi faifan Kaani na Tal National, 'yan Yamai, wanda ya fito a 2013, ka saurari yadda kalangu ke ratsa tsakanin jita da ganguna, kowa da gurbinsa. Abin da ya sa suka yi kaifi haka shi ne kiɗan dare da suka daɗe suna yi, awoyi a jere, har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa.

Game da kaya, na san ciwon, don duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san shi. Muna zama a nan bayan la'asar, wannan ya ce Fender, wancan ya ce Ibanez, a yi ta musu har a kira magariba, alhali rabin masu musun ba su iya ɗaure tsarkiya ta zauna daidai ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, gwangwanin kifi da fata da tsarkiya ɗaya tal. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, faifansa na farko kuma a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, ya bazu daga waya zuwa waya kafin Turawa su san da shi. Victor Démé na Bobo, tela ne, sai da ya haura shekara 40 kafin ya fitar da faifansa na farko a 2008, a wani ɗan ƙaramin situdiyo a nan Wagadugu, kuma har ya rasu a 2015 muryarsa da jitar katako ne jarinsa.

In za ka sayi jita ta hannu, kada fenti ya ruɗe ka. Ɗaga ta ka sa ido daga gindi ka bi wuyan da kallo, in ya murɗe ka ajiye musu kayansu komai arha. Danna tsarkiya a kan kowane ƙarfe tun daga sama har ƙasa, ka ji ko akwai inda take zuza ko take mutuwa. Juya maɓallan murya tana haɗe da amfilifaya, in kana jin ƙarar yashi, ƙura ce, wannan mai gyaruwa ne, sai ka nemi ragi. Hunturu shi ne babban abokin gabar katako a ƙasashenmu: itacen ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafunan wuya ya fito yana yankar yatsa, jitar katako ma har tsagewa take yi. Ka riƙa sa ɗan soso mai laima cikin gwangwani mai huji a jakarta, kada kuma ka jingina ta a rana ko ka bar ta a ɗakin kwano da tsakar rana. Bayan kowane wasa ka goge tsarkiya da busasshen tsumma, gumi ne ke cinye ta. Kalangu shi kuma damina ce matsalarsa, fata ta saki, sai an shanya ta ko an ɗan gasa a gefen wuta, amma wannan mai shi ya fi ni sani.

Kuɗin da kuke da shi a hannu, ni da zan raba muku, da na fara da makirfo mai kyau guda ɗaya, da wayoyi masu kauri, da na'urar daidaita wuta. Wutar janareto a gidan biki hawa take tana sauka, kuma dare ɗaya ya isa ta ƙone fiyanon da ba ku gama biyan bashinta ba. Ɗaya daga cikinku ya je wurin mai gyaran rediyo ya koyi liƙin dalma, domin mafi yawan abin da ke kashe wasa a fili ba ya wuce bakin waya da ya tsinke. Fiyano kuwa ku yi hayarta tukuna ranar da aiki ya buƙace ta. A nan muna da Reemdoogo a unguwar Gungen, wanda aka buɗe a 2004, inda ƙungiya ke kama ɗakin gwaji da kayansa na 'yan awoyi, kuma matasa da yawa a can suka gane wace na'ura suke buƙata da gaske, wacce kuma sha'awa ce kawai. In ka shiga Yamai ka leƙa cibiyar koyon kiɗa ta Taya, inda marigayi Malam Mamman Barka ya yi aiki, ka yi tambaya, ka taɓa da hannunka.

Saura maganar da ta fi damuna. Ka ce rabo zai ragu da kai ɗaya. Auta, ƙungiyar da ta fara lissafin wa za a cire don kason kowa ya ƙaru, ba ta daɗewa, domin gobe ɗan amshi ne zai zama nauyi, jibi mai jita. Ban taɓa ganin ƙungiyar da rashin kaya ya wargaza ba, amma waɗanda kuɗin liƙi ya raba, ba su ƙirguwa. Ku zauna tun yanzu, kafin kuɗi ya zo, ku yanke: nawa ne na asusun gyaran kaya, nawa ne na mota, nawa ne kason kowa. A tattara liƙi a jaka ɗaya, a ƙirga a gaban kowa a daren, kada a kwana da shi a aljihun mutum ɗaya. In kuka sayi wani abu da kuɗin taro, a rubuta a takarda na wane ne ranar da wani zai fita. Kuma mai kalangu a ba shi cikakken kaso, ba ɗan abin da ya samu ba, tunda shi ma fata yake saya, tsarkiya yake canzawa.

Wajen gwaji kuma ku rage ƙara. In kowa ya murɗa nasa har ƙarshe, babu mai jin kuskuren kansa balle na wani. Ku riƙa yin wasu ranaku ba lantarki sam, murya da tafi da kalangu da jitar katako, ku ɗauka a waya ku saurara tare. Ku tsaya in an kira sallah, ku tashi da wuri saboda maƙwabta. Ka san yadda Inna ta daure ta bar ka kana wannan harka, kada ka bari a kawo mata ƙara.

Akwai bikin 'yar maƙwabcinmu bayan babbar sallah, kuma sun ce in nemo musu makaɗa daga gida. Na ambaci sunanku. In kun amince, ka sanar da ni da wuri in aiko kuɗin mota, amma da sharaɗi ɗaya: ku zo da mai kalangunku.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a.

Naka,
Yayanka