Almuru a tsibirin Karaban

A kudancin Senegal, inda kogin Kazamansi ke zuba cikin tekun Atlantika, akwai wani tsibiri da ake kira Karaban. Babu mota ko ɗaya a cikinsa. Rairayi ne, da itatuwan kwakwa, da wata tsohuwar majami'a ta 1885, da kufan gidajen fatauci waɗanda Faransawa suka bari, su da suka sauka nan tun 1836. Baƙin da ke zuwa ba su da yawa, amma kusan kowanensu yana tafe da na'urar hoto, kuma da la'asar sakaliya sai a gan su jere a gaɓar ruwa, sun fuskanci yamma.

Aikin yana son hanzari. Karaban na kusa da layi ɗaya da Maradi, saboda haka rana tana faɗuwa can kamar yadda take faɗuwa nan: da zarar ta taɓa ruwa, cikin minti 2 ko 3 ta nutse. Jan da ake kwaɗayi kuwa daga iska yake. Hasken yamma yana ratsa iska mai kauri fiye da na tsakar rana, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan goro su iso ga ido. In hunturu ya kawo ƙura, ranar takan dushe tun ba ta kai ruwa ba.

Sai dai na'ura ba ta iya ɗaukar haske da duhu tare yadda ido yake yi. Wanda ya daidaita ta da rana, duk abin da ke tsakaninsa da ranar zai fito baƙi ƙirin. Masunci a kwalekwalensa, da matar da ta dawo daga tsintar kawa, da yaron da ke jan koma, dukansu sukan zama inuwa marar fuska. Masu hoto suna son wannan inuwa ƙwarai, don ita ke ƙawata hoton. Da wuya a ga wanda ya tambayi mai inuwar sunansa.

Alhali mutanen gaɓar nan suna da abin da suke tunawa da yammaci. Ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin ruwan Joola ya taso daga Ziginshor, ya tsaya a Karaban. Babu matsayar jirgi a lokacin, sai da kwalekwale aka yi ta kai masa fasinja da kaya, a kan lodin da ya riga ya wuce kima. Ya tashi gab da magariba, ya nufi Dakar, cikin dare ya kife daura da Gambiya. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600. Hukuma ta ƙirga mamata 1.863, waɗanda suka tsira 64. Akwai ɗalibai da yawa a ciki, masu komawa karatu. Bayan haka tsibirin ya yi fiye da shekara 10 babban jirgi bai tsaya masa ba, har aka gina matsaya.

Babu laifi ga baƙon da ya ɗauki jan sama ya tafi da shi gida. Amma hoton da ya fi wuya, ya kuma fi daraja, shi ne na mai juya wa rana baya. Hasken almuru yana sauka da taushi a kan fuskoki, ana ganin tsufan masunci da gishirin da ya bushe a hannunsa. Irin wannan sai an yi sallama, an gaisa, an nemi izini, kuma sau da yawa kafin a gama gaisuwar rana ta faɗi.