Ƙafar piyano mai rawa, a Kuru da Ingila

A Ingila, inda nake zaune yanzu, idan ƙafar piyanon lantarki ta fara rawa, mai ita takardar da ta zo a cikin kwali yake nema. Ya ɗaure noti, ya murza robar da ke bakin ƙafar har ta zauna daram. In ta ƙi, a mayar shago, ko a sayi mai siffar tebur. Ba wanda zai yi tunanin kai ta wurin mai walda, don kuɗin aikin sai ya fi kuɗin sabuwa.

A Kuru, kudu da Jos, ba haka abin yake ba. Piyanon majami'a ba ya zama wuri ɗaya: yau yana kan simintin da ya farfashe, gobe an ɗora shi a Keke Napep zuwa biki a Bukuru, inda za a kafa shi a kan jar ƙasa. In ƙafar ta fara rawa, sai ka ga yaro ya durƙusa yana cusa kwalin da aka ninka huɗu, ko guntun silifas, a ƙarƙashinta, makaɗi na danna gefe yana cewa "ƙara kaɗan". Silifas ya fi, don kwali da ya sha raɓa ya gama aiki.

Amma ƙasa rabin laifin ce. Ƙafar piyano irin mai gicciye, nauyinta duka a kan ƙusa ɗaya yake, a tsakiya. Kuma duk yadda aka ɗaga ta sama don mai kaɗawa a tsaye, haka gindinta ke ƙara tsukewa. Ƙaramin piyano mai maɓalli 61 ba ya damun ta. A ɗora mata mai 88, irin Yamaha P-45 da ya haura kilo 11, makaɗi ya sa ƙarfi, dole ta yi lilo.

Mai walda na gida ya gane wannan ba tare da takarda ba. Yakan haɗa gindin biyu da guntun rodi, ƙafar ta tsaya cak. Ta daina ninkuwa, gaskiya ne, ɗaukar ta ya zama aiki, amma ni na fi yarda da wannan gyaran a kan zubar da ƙarfe mai lafiya.

Abin da nake so mu ɗauka daga Turawa shi ne duba notin tsakiya kafin a nemi kwali. Sau da yawa shi ne ya kwance, sifana kawai yake jira.