Waina Ba Ƙwai, Ba Madara

Jama'a 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wani darasi wanda ba ya cikin jadawalin kwalejinmu, amma kuwa duk wanda aka damƙa wa aji zai gamu da shi tun makonsa na fari. Darasin nan shi ne abin da yara ke ci da tara. Mukan sha wuya mu koyi shirya darasin lissafi da yadda a ke riƙe alli, amma da an kaɗa ƙararrawa sai mu shige ofis, mu bar yara da masu talla a bakin ƙofa, ba mu san abin da ke shiga cikinsu ba.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Lafiya, na sauka a Bukan Sidi, wajen hanyar Jos, gidan goggona wadda sana'arta tuyar waina. Aka ba ni aji biyu. Ran nan uwar wata yarinya ta zo ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ga amana. Yarinyar nan ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara. In ta taɓa, sai borin jini ya taso mata, leɓenta ya kumbura." Na ce, "To, Inna, me ta ke ci da tara?" Ta ce, "Abin da ya samu. Biskit dai ba na saya mata, don ban iya karanta abin da ke jikin takardarsa ba."

Matar nan ta yi hankali, gama galibin biskit da kek da alewar kanti ba su rasa madara ko ƙwai. Ya kamata malami ya san abin nan iri biyu ne. Akwai wanda cikinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara; in ya sha sai kumburin ciki da zawo. Wannan ya yi yawa cikin mutanen Afirka ta Yamma, in ka ɗebe Fulani, waɗanda yawancinsu ke shan madara har tsufa lafiya lau. Yana da wahala, amma ba ya kisa. Na biyu shi ne irin na yarinyar nan, watau jiki ya ɗauki ƙwai ko madara tamkar abokin gaba, ya tasar masa. Ɗan kaɗan ya isa. In har ya kai yaro yana shaƙewa, ko numfashinsa yana fita da ƙyar, ba a jiran uwa, ba a jiran Hedimasta, asibiti a ke nufa nan take. Yara da yawa sukan rabu da shi in sun girma, amma likita ke faɗin haka, ba malamin aji ba. Kada kuwa a ce abin ya yi nisa da mu: shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2016 ya raba dafaffen ƙwai a makarantu masu yawa, malamin aji kuwa shi ke tsaye sa'ad da a ke rabo.

A Ingila da Amurka matan da ke da irin yaran nan suna shan fama, domin wainar Turawa da fulawa da ƙwai da madara a ke kwaɓa ta. In an cire biyu cikin uku, me ya rage? Sai ka ga suna dama ayaba, suna neman ruwan waken suya, duk don ƙullin ya kama jikinsa. Mu kuwa sunan wainar tasu kaɗai muka ara, muka ce fanke, sa'an nan muka yi namu da fulawa da yis da sukari, ba ƙwai ba madara. Tun kafin fanken ma muna da waina, wadda waɗansu ke kira masa, da 'yar tsala ta gero, da sinasir mai faɗi wanda Barebari suka gwanance a kai, garin nan kuwa ai Lafiyar Barebari ne. Ashe abin da su ke nema da fitila yana nan bakin murhun kakanninmu.

Na zauna kusa da tandar Goggo asuba da yawa, ga kuwa yadda na ga tana yi. Shinkafar tuwo ta ke aunawa gwangwani huɗu. Uku ta jiƙa tun hantsi, ɗaya ta dafa ya yi luguf, ta bari ya huce. Da la'asar ta haɗa su, ta yanka albasa, a kai inji a markaɗa da ruwa kaɗan. In an dawo ta zuba yis ƙaramin cokali, ta rufe, ta ajiye wuri mai ɗumi ya kwana. Aiki biyu ƙwai ke yi a wainar Turawa, ya haɗa ƙulli, ya kuma taimaka ya tashi. A nan dafaffiyar shinkafar ce ke haɗawa da danƙonta, yis kuwa yana cin zaƙin ƙullin yana fitar da iska, iskar ce ke huda 'yan ramukan da ka ke gani in ka ɓara waina. Da asuba za ka tarar ƙullin ya taso yana ƙamshin tsami. Sai ta sa gishiri da sukari, in tsamin ya yi yawa ta ɗiga ruwan kanwa ya kashe shi.

Ta yara dabam ta ke yinta. Ba ta cika gurbin tanda, rabin ludayi ta ke zubawa, ta rage mai, ta ja itace wutar ta lafa. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ɗan nan, babba in ya ci ɗanyen ciki ya yi shiru, yaro kuwa yar da ita zai yi." Ƙaramar waina tana nuna har tsakiya, tana saurin hucewa, kuma daidai hannun ɗan shekara shida ta ke. Ni a ganina ta fi babbar daɗi, ko da ya ke Goggo ta ce kwaɗayi ne ke magana. Shinkafar kuwa ba daga nesa ta zo ba, ana nomanta a fadamun Doma da Awe cikin jihar nan tamu ta Nasarawa, alhali alkamar fulawa galibinta daga ƙetare a ke kawowa.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya ce kowace waina lafiya ce ga irin yaran nan. Waɗansu mata sukan zuba nono a ƙulli don ya yi tsami da wuri. Wainar fulawa sau da yawa akan fasa mata ƙwai. Awara ma, wadda a ke zaton wake ce zalla, akan tsoma ta cikin ruwan ƙwai kafin a soya. Akwai kuma yaran da gyaɗa ce ba ta karɓe su ba, ga shi kuwa da man gyaɗa a ke tuya, a ci da ƙuli-ƙuli ko miyar taushe. Ido ba ya ganin wannan, sai an tambayi mai tuya, cikin ladabi, "Iya, me da me ki ke sawa?" Ban taɓa tambayar wata ta ɓoye mini ba.

Sa'an nan waina ita kaɗai mai cika ciki ce, ba ta maye gurbin ƙwai da madara wajen gina jiki. Yaron da aka hana wa su biyun sai a haɗa masa da ƙosai ko alala marar ƙwai, ko ɗan kifi.

Ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu na sashen koyar da girki abu biyu. A gayyato wata mai tuya ta zo da tandarta ta nuna mana, maza da mata, kafin a tura mu gwajin koyarwa na gaba. Kuma a cikin takardar da mu ke rubuta sunayen 'yan aji, a ƙara layi ɗaya bayan sunan uba da unguwa, inda za a rubuta abin da yaro ba ya ci.